Kafin ka sa wa kat-kat ɗinka (mota mai ja da ƙafa huɗu) manyan tayoyi

Duk abin da ka ƙara a tsawon taya, rabinsa kawai kake samu a ƙarƙashin mota. Aksil a tsakiyar taya yake. In sabuwar ta fi tsohuwar tsawo da milimita 50, da milimita 25 kaɗai cikin mota zai ɗaga daga ƙasa, sauran 25 ɗin sama suka nufa, cikin madigadi, inda ba su da aikin yi sai gugar bodi. Ɗagawar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Duk da haka ba abin rainawa ba ce, domin a hanyoyin ƙauye da manyan motoci suka haƙe gefe biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan ɗan tazarar ita ke raba motar da ta wuce da wadda ta zauna a kan difaransiyal tana juya ƙafa a banza. Kuma taya ce kaɗai ke ɗaga aksil na baya. Ko ka sa sifirin da shokazoba masu tsawo har mota ta yi sama, bodi da shasi ne suka tashi, aksil yana nan inda yake.

Lissafin tsawon taya ba wuya, a jikinta aka rubuta komai. Ɗauki 265/65R17, wadda yawancin Hilux da Prado na wannan zamani ke zuwa da ita. 265 faɗinta ne da milimita. 65 tsawon gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, milimita 172 ke nan. 17 kuwa girman rim ne da inci, kowane inci milimita 25.4, ya ba ka 432. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, saboda haka 172 sau biyu a tara da 432, tsawon taya ya kama 776. Bi wannan hanya, 265/70R17 za ta ba ka 803, ita kuma 285/70R17 da matasa ke so 831. Ta farko ta ɗaga ka da milimita 13 zuwa 14, ta biyu da 27. A rim 16 ma kusan haka abin yake: 265/70R16 tana 777, 265/75R16 tana 804, 285/75R16 tana 834. Wannan lissafin takarda ne. Kamfani da kamfani sukan bambanta da ƴan milimitoci, musamman masu manyan haƙora, don haka in kana son gaskiyar magana zagaya taya mai iska da tef, ka raba abin da ka samu da 3.14.

Shawarata a nan ita ce, ga motar da ake neman abinci da ita tsakanin Maradi, Mayahi, Dakoro da Tasawa, mataki ɗaya ya isa: daga 265/65 zuwa 265/70 a rim 17, ko daga 265/70 zuwa 265/75 a rim 16. Ƙarin bai wuce kashi 3 da rabi cikin 100 ba, faɗi bai canza ba, rim ɗinka na asali ya ɗauka, kuma a yawancin motoci abin da za a taɓa bai wuce robar tare taɓo ba. Daga 285 zuwa sama wani aiki ne daban, kuɗin tayoyin su ne mafi ƙanƙanta a cikinsa.

Masu Land Cruiser a-kori-kura da ta zo da 7.50R16, ku kam kuna da tsawo tun daga kamfani, kusan milimita 810. Wanda ya cire ta ya sa 265/70R16 don ta fi cika ido, ƙasa ya yi da motarsa bai sani ba. Madadinta marar tiyub ita ce 235/85R16, tsawonta 806. Tsohuwar Hilux mai 205R16 kuwa tsawon tayarta 734 ne kawai, kuma rim ɗinta siriri ne, inci 6, ba ya ɗaukar 265 wadda ke son inci 7 ko fiye. In an matsa an sa, gefen taya zai kumbura kamar tulu, tsakiya ta cinye da wuri, mota ta riƙa lilo a kwana.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen gwaji. Mota na tsaye a fili mai faɗi, an sa taya, an leƙa an ga sarari, mai taya ya ce "Alhaji, ta zauna daram", a biya kuɗi. To ai a tsaye ba ta guga. Guga tana zuwa ne lokacin da abubuwa biyu suka haɗu: an karya sitiyari har ƙarshe, kuma sifirin ya matse. Ka roƙi mai taya ya ɗaura guda ɗaya tak a gaba kafin a gama ciniki. A goga alli a kafaɗun tayar, ciki da waje. A ɗora wa mota lodin da ta saba ɗauka, a nemi tudu ko gefen kwalbati a hau da wannan ƙafar ita kaɗai a hankali har ta shige cikin madigadi, sannan a karya sitiyari hagu har ƙarshe, a karya dama har ƙarshe. A maimaita da ribas, saboda robobin hannun ƙafa suna ɗan ba da hanya, taya takan matsa ta taɓa inda ba ta taɓa ba sa'ad da ake tafiya gaba. Duk inda alli ya bar shaida, nan ne matsalarka. Wurin da bai taɓa ba ma, in yatsa ba ya shiga tsakani, lissafa shi cikin masu taɓawa, domin ramin da za ka faɗa da gudu ya fi tudun gwaji matse sifirin.

A Hilux da Prado wuraren da aka sani huɗu ne. Na farko robar tare taɓo da robar cikin madigadi, masu sauƙi ne, a cire ko a ɗumama a tura baya. Na biyu ƙasan bamba na gaba, a ɗan yanke. Na uku shi ne hannun ƙafa na sama, wanda gefen taya mai faɗi ke gogawa daga ciki. Na huɗu, mai ciwon kai, shi ne ƙarfen da bodi ke zaune a kansa a jikin shasi, daidai bayan tayar gaba. 285 takan same shi in an karya sitiyari. Maganinsa yanka da walda, a rufe wurin da farantin ƙarfe mai kauri, kuma ba kowane mai walda ake ba wannan aiki ba, tunda nauyin bodi a nan yake. Wanda ya yanke ya bar shi buɗe ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Akwai masu cewa a ɗaga mota kawai, guga ta ƙare. Ba ta ƙarewa. Ɗagawa tana canza inda taya ke zama ne sa'ad da mota ke tsaye, amma iyakar inda za ta kai in sifirin ya matse yana nan yadda yake, sai dai ta rage yawan zuwa can. Kuma a motocin da kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, in ɗagawar ta wuce milimita 50 shaf ɗin gaba yana karkacewa fiye da kima, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na sama ma yana kaiwa iyakarsa.

Batun rim ya fi yadda ake ɗaukarsa. Hilux, Prado da Land Cruiser 80 noti shida gare su a da'irar milimita 139.7, ramin tsakiya 106. Land Cruiser 100, 200 da 79 noti biyar ne a da'irar 150. Daidaituwar ramukan noti kaɗai ba ta isa ba. Rim ɗin Pajero da L200 na baya-bayan nan noti shida ne shi ma, amma ramin tsakiyarsa milimita 67 ne, ba zai shiga Hilux ba. Na tsohuwar Patrol 110 ne, zai shiga amma da sako-sako, noti ne kaɗai ke riƙe shi a tsakiya, in ba a ɗaure da kula ba sitiyari ya yi ta rawa a kwalta.

Juya rim ka duba bayansa, za ka ga ET da lamba. Wannan lambar ke nuna yadda rim ya shige ciki ko ya fito waje. Na Hilux daga 2005 zuwa yau wajen +30 ne. Sa 285 a kansa, gefen ciki ya matso hannun ƙafa da milimita 10. Sa rim mai ET 0, taya ta fito waje da milimita 30, ta rabu da hannun ƙafa, amma yanzu da'irar da take yi in an karya sitiyari ta faɗaɗa, sai ta sami bamba da ƙarfen shasi. An gudu ba a tsira ba. Ban da haka nauyi ya bar tsakiyar boris ya koma gefe, boris da tayarod su riƙa mutuwa da wuri, kowane rami ya fizgi sitiyari daga hannunka, tsakuwar burji kuma ta yi ta feshin ƙofofi. In dole sai 285, rim mai faɗin inci 8 ko 8.5 da ET tsakanin +10 da +20 ya fi zama lafiya. Noti ma a duba: rim ɗin alminiyom na Toyota yana son noti mai wosha mai shimfiɗaɗɗen gindi, na ƙarfe da yawancin na kasuwa kuwa mai tsinin gindi. In an musanya, noti zai yi kamar ya ɗauru, a hanya ya kwance.

Faifan da ake sawa tsakanin rim da hob don taya ta fito waje, ni dai ba na son sa, balle wanda aka fafe a kasuwa ba shi da leɓen da ke riƙe rim a tsakiya. Duk kaurin da ya ci, daga tsawon kusoshi ya ci. Kusoshin Hilux milimita 12 ne, kowane zagaye na noti milimita ɗaya da rabi, saboda haka in noti bai yi zagaye takwas cikakku kafin ya kama ba, kada motar ta hau titi.

Sai abin da ba a gani da ido. Babbar taya tana ƙara wa kowace giya nauyi. Da 285/70R17 a madadin 265/65R17, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100 a kowace giya. A kwalta ba lodi, abin har daɗi yake, injin da ke juyi 2500 a minti ɗaya ya sauko wajen 2340, ƙara ta ragu. Amma a cika bayan mota da buhunan aya ko wake, a ce ta tashi daga tsaye cikin yashi, nan za a ji warin kuloci. Injin marar turbo, irin 1HZ na Land Cruiser ko 5L na Hilux, shi ya fi jin jiki, tunda dama ba shi da rarar ƙarfi. Direban da ya san aikinsa ba ya jira sai ta fara wari, yana shiga L4, wato giyar kat-kat ta ƙarfi, tun kafin yashi ya yi zurfi, ya tashi da giya ta biyu. Mota mai otomatik kuma takan rasa inda za ta tsaya tsakanin giya biyu na sama, tana hawa tana sauka, man giya ya yi zafi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Gyaran gaskiya shi ne canza haƙoran difaransiyal: mai 4.10 in ya ƙara kashi 7 yana bukatar wajen 4.39, mafi kusa da ake samu 4.30 ko 4.56. Gaba da baya ake canzawa tare, lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa kat-kat wani abu zai karye. Kaɗan ne ke yin wannan aiki, shi ya sa kulocinsu ba ya daɗewa.

Birki ma haka. Ƙarfin da yake kamawa bai ƙaru ba, taya ta ƙara tsawo, ta kuma ƙara nauyi, domin 285 mai kaurin gefe tana kaiwa kilo 25 ko fiye alhali ta asali ba ta cika 20 ba. Tazarar tsayawa ta ƙaru ke nan. Duk wanda ke bin hanyar Zinder ko ta Birnin Ƙonni da yamma ya san yadda amalanke ko garken awaki ke faɗowa titi ba sallama.

Agogon gudu juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canza ta ba. Da ƙarin kashi 7, in ya nuna 100 gudunka ya doshi 107. Da mataki ɗaya kuwa sau da yawa daidai yake komawa, saboda kamfani kan sa shi ya ɗan zarce gaskiya tun asali. Gwada shi da GPS na waya a miƙaƙƙiyar hanya. Ƙirgen kilomita shi ma yana raguwa: ka yi 1000, ya rubuta 935. Juyen baƙin mai da kake yi a 5000 ya zama 5350 ba ka sani ba, kuma in kana lissafin shan mai sai ka ninka kilomitan da 1.07 tukuna, in ba haka ba za ka zargi direba da abin da bai yi ba. Shan man zai ƙaru dai, amma bai kai yadda agogo ke nunawa ba.

Yawancin masu neman faɗi, yashi suke tsoro. Amma abin da ke ɗaukar mota a kan yashi ba faɗin taya ba ne sosai, tsawon sawun da take shimfiɗawa ne in an rage iska. Taya mai faɗi tana tura tudun yashi mai faɗi a gabanta, injin ya yi ta fama da shi. Doguwa siririya mai tsawon gefe, in an sauke iskarta, sawunta yana miƙewa gaba da baya, ta bi ta kan yashin da ta riga ta danne. Shi ya sa 7.50R16 da 235/85R16 ba su tsufa a hanyoyin arewa, wajen Bermo da Gadabeji. Shi ya sa kuma rim 20 da siririn gefe ba kayan daji ba ne, ba abin da za a rage.

A kwalta bi abin da aka rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, ka ƙara na baya in akwai lodi. A burji mai gargada rage kamar 0.3 zuwa 0.4 na bar (ma'aunin iskar taya), ka rage gudu tare. A yashi mai laushi sauka zuwa 1.4, in ta ƙi 1.2, kada gudu ya wuce 40, kada a karya sitiyari da ƙarfi. Ƙasa da bar 1 taya tana iya barin bakin rim, sai dai don fita daga inda aka kafe, a mayar nan take. Da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iska, domin taya marar iska a kwalta mai zafi gefenta yana lanƙwasa yana dahuwa daga ciki har ta fashe. Da safe ake auna iska kafin a yi tafiya. In ka auna da rana bayan doguwar tafiya ka ga ta hau da 0.3, haka ya kamata, kada ka sauke. Wanda ba shi da geji nasa na kansa da famfon da ke aiki da batirin mota, ba zai iya ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

Wajen zaɓen iri, mai matsakaitan haƙora da aka rubuta wa A/T ita ta dace da ƙasarmu. Mai manyan haƙora, M/T, ta taɓo ce. Tana da rana a fadamar Gulbi da wajen Madarumfa in damina ta zauna, amma a yashi haƙa take yi, a kwalta ga kuka ga saurin cinyewa. Nemi mai LT a gaban lambar, wato wadda aka yi don ƙananan motocin ɗaukar kaya, gefenta ya fi jure ƙayar aduwa da kututturen karan gero bayan girbi, waɗanda suka fi samun taya a gefe daidai lokacin da aka rage iska. Hujin gefe kuwa ba ya facin da za a dogara da shi. Sai dai LT tana son iska fiye da ta asali kafin ta ɗauki lodi iri ɗaya, kuma mai fulai 10 (lambar ƙarfin jikin taya) a Prado marar kaya tana sa mota tsalle a gargada, fulai 8 ya ishe ta. Duba lambar lodi da ke bayan girman: 112 kilo 1120 ne kowace taya, 115 kilo 1215, 121 kilo 1450. Kada sabuwar ta gaza ta asali.

Tayoyin gwanjo suna da araha, kuma manyan lambobi sun fi samuwa a cikinsu, amma a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida a bincike ta sosai, a lanƙwasa gefe a ga ko ya tsattsage, a shafa ciki a ji ko akwai faci ko kumburi. Wadda ta kai goma a bar wa mai ita komai kyan haƙoranta. Akwai kuma waɗanda aka yi don ƙanƙarar Turai, masu ƙananan tsage-tsage birjik a kowane haƙori da roba mai laushi da farce ke shiga, zafinmu yana cinye su cikin ɗan lokaci. Kuma huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cin haƙori kusan ɗaya. Prado da Land Cruiser 80, 100 da 200 mafi yawansu ƙafa huɗu ke ja kullum, in gaba da baya suka bambanta difaransiyal na tsakiya ba ya hutawa. Hilux da 79 sukan haƙura muddin baya kaɗai ke ja, amma da an sa H4, wato kat-kat na gudu, a ƙasa mai tauri sai su ɗaure, giyar kat-kat ta ƙi fita.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A sa sabon bawul a kowace taya. Ruwan sabulu ake shafa wa bakin taya, ba baƙin mai ba, mai yana cin roba kuma yana sa taya zamewa a kan rim. In akwai ɗigon rawaya a gefen taya, a daidaita shi da bawul, yana rage darmar da za a liƙa wajen balansin. Kada a wuce bar 2.8 wajen zaunar da bakin taya, in ta ƙi a sauke a sake shafa sabulu, kuma kada ka yarda a zuba fetur a ƙyasta ashana. Rim mai zobe na tsohuwar Land Cruiser ya fi kowanne haɗari: zoben in bai zauna ba yana tashi da ƙarfin da ke kashe mutum, don haka a ɗaure shi da sarƙa, a ba shi iska kaɗan-kaɗan, kowa ya kauce daga gabansa. A kankare tsatsa da ƙasa daga fuskar hob. A fara noti da hannu, a ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a bi layi ba. Ƙarfin ɗaurin notin Hilux Nm 105 ne, abin da hannu ɗaya ke yi da sifana mai tsawon rabin mita. Yaron gareji da ke zura bututu ya hau yana tsalle, kusoshi yake miƙarwa, su ne ke tsinkewa daga baya a gargada. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin duka, a leƙa cikin madigadi a nemi inda roba ko fenti ya yi sheƙi. A kai ta a daidaita ƙafafun gaba, musamman in an taɓa sifirin.

Taya biyar ake saye, ba huɗu ba. Safaya ƙarama a motar da sauran ƙafafunta manya ne ta kai ka wurin mai faci mafi kusa ne kawai, a hankali. Kuma a gwada ko babbar tana shiga mazauninta: a ƙarƙashin Hilux 265/70R17 takan shiga, 285 kuwa takan matse tsakanin ƙarfen jan tirela da salansa, zafin salansa ya gasa gefenta. Wadda ake ratayawa a ƙofar baya, ƙarin nauyin yana sa ƙofa ta sunkuya, maƙallanta su tsage a hanyar burji. Jak ɗin da ya zo da mota ma a gwada shi a gida: dole ya shiga ƙarƙashin aksil sa'ad da taya ta kwanta gaba ɗaya, sannan ya ɗaga har babbar taya mai cikakkiyar iska ta shiga. Da yawa ba sa kaiwa. Katako mai kaurin santimita 4 ko 5, faɗinsa 30 tsawonsa 30, yana cike giɓin, kuma yana hana jak nutsewa cikin yashi.